Dogon Tebur a Matosinhos

Na zo da takarda a hammata,
shafi arba'in da biyu, na san su kamar sunana.
Mataki na ɗaya, na biyu, na uku,
wata tara, sai a tafa mini.
Masana'antar kifin gwangwani ce a bakin teku,
bangonta ya sha gishiri har ya yi furfura.

Mata talatin da shida a dogon teburin dutse,
suna fuskantar juna,
hannu na cire kan kifi, baki na zuba.
Kwana uku ina tsaye da agogo,
na rubuta da jan biro:
surutu na cinye kashi ɗaya cikin biyar na yini.

Na tara su a ɗakin cin abinci, na haska allo.
Na ce zamani ba ya jiran kowa.
Na ce ƙofata a buɗe take.
Iska kaɗai ta shigo.
Idalina, wadda ta shekara arba'in a gun, ta ɗaga hannu:
"Teburin fa, ina za a kai shi?"
Na ce sito.
Ta ce, "To."
Da na san nauyin wannan "to", da na nemi kujera.

Aka kawo bel mai tafiya da kansa,
kowace ta juya wa 'yar'uwarta baya,
ga bango a gaba, ga lamba a sama.
Makon farko shiru, na ce rashin sabo ne.
Mako na shida, gwangwani dubu huɗu suka dawo mana,
kifi ya dagargaje, mai ya yi yawa.
Sababbin ɗauka biyar suka ajiye wuƙa.
Zulmira ta yanke yatsa,
ba wadda ta sani sai da jini ya isa ƙarshen bel.

Daren nan na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya
ina neman inda lissafi ya goce.
Lissafi bai goce ba.

Da asuba na iske Idalina a kan gaɓa
tana ƙirga jiragen masunta da ido.
Ba ta dube ni ba ta ce,
"Telmo, ka auna motsin bakinmu,
ba ka ji abin da ke fita ba.
A teburin nan nake ce wa yarinya,
wannan kamun jiya ne, kar ki matsa cikinsa.
A nan muke gane wadda mijinta bai dawo daga ruwa ba,
mu rage mata kwando tun ba ta roƙa ba."

Na ce bashin banki na wuyana, bel ba zai koma ba.
Ta yi dariya.
"Wa ya ce ya koma? Tun zuwansa bayana ya bar ciwo.
Fuskokinmu kawai za ka maido mana."

Ashe mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo,
ni kuwa na hau rufi da tsani na aro.

Ranar Asabar muka fito da alli,
ni da su da Amílcar makaniki, a durƙushe.
Suka zana, na goge, na zana, suka goge.
Bel ya ratsa tsakiya, benci dama da hagu,
tsohuwar hannu kusa da sabuwa.
Mun yi faɗa a kan fitila har kwana biyu.

Wata tara ya zama goma sha huɗu.
Ba wanda ya tafa.
Graciete ba ta dawo ba, har yau ba ta amsa gaisuwata.
Teburin yana ɗakin cin abinci, a kansa ake yanka burodi.

Takardar tana nan a aljihun tebur.
Akwai shafi na arba'in da uku,
rubutun Idalina ne, a karkace,
da tabon man zaitun a gefe.
Shi nake fara buɗewa.